Kwamfutarka Na Kashe Kanta Tana Tashi? Dakata, Kar Ka Yi Saurin Fomatin

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata cuta ce da kusan duk mai kwamfuta ya taɓa haɗuwa da ita: kana cikin aiki, ba sallama ba komai, sai allo ya yi baƙi, sai ka ga tambarin kamfani ya fito, na'ura ta sake tashi daga farko. Abin da ka buga ba ka adana ba ya tafi. In tsautsayi ya gifta tana cikin adanawa ta ɗauke, shi kansa fayil ɗin na iya lalacewa ya ƙi buɗuwa. Wanda ke ND II ko HND II yana fama da babi na huɗu na furojet ya san abin da nake nufi.

Ni ɗalibin sashen injiniyan kwamfuta ne, ɗan Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma watanni huɗun SIWES ɗina a wani shagon gyara na yi su a Yelwan Yawuri. Misalaina daga can za su fito, amma matakan iri ɗaya ne ko a hostel kake.

Abin da na fi gani shi ne, da zarar kwamfuta ta fara wannan hali sai a ce bairos ne, a yi mata fomatin. A biya kuɗi, a yi asarar fayiloli, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya. Dalili kuwa, sau da yawa ciwon a jikin ƙarfen yake ko a wutar da ake ba ta, kuma sabuwar Windows ba ta gyara waya mai sako-sako. Bari mu bi abin daki-daki.

Kafin komai, kwashe kayanka

Tun kafin ka ɗauki sukundireba, kwafi duk abin da ba ka son rasawa zuwa filashi, ko ka tura wa kanka ta imel, ko ka ɗora a Google Drive. Duk sanda na'ura ta ɗauke tana cikin rubutu a faifan ajiya, wato had-dis, akwai yiwuwar wani abu ya lalace. Wasu gwaje-gwajen da za mu yi ma takura mata suke yi da gangan don ta nuna halinta. Saboda haka a fara da wannan.

Mataki na ɗaya: yi mata tambayoyi kamar likita

Samu takarda da biro. Duk lokacin da ta yi, rubuta ƙarfe nawa ne, me kake yi, kuma a kan wace wuta take: ta layi, janareta, sola, ko batir. Kwana biyu zuwa uku sun isa ka fara ganin zaren abin. Ga tambayoyin da nake yi wa mai kwamfuta:

Tashi take yi da kanta, ko mutuwa take yi ɗungum sai an danna?
Akwai shuɗin allo mai rubutu kafin ta tafi, ko ɗif take yi?
Da sanyin safiya ma tana yi, ko sai rana ta take?
Sai an ba ta aiki mai nauyi irin su AutoCAD, CorelDRAW ko wasan ƙwallo, ko ko tana zaune ma yi take?
In an taɓa tebur ko an motsa waya fa?
Me aka canza ko aka ƙara mata kafin abin ya fara?

Kowace amsa tana nuna wata hanya. Wadda sai da rana take yi, zafi ake fara zargi. Wadda ke yi in an bugi tebur, wani abu ne bai zauna daram ba. Wadda ke yi daidai lokacin da aka kunna wani abu a ɗakin, wuta ce.

Mataki na biyu: raba laifin manhaja da na ƙarfe

Windows na da wata ɗabi'a: in ta ci karo da babban kuskure, sai ta nuna shuɗin allo na ɗan ƙanƙanin lokaci ta sake tashi, har ba ka iya karanta komai. A hana ta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sai Settings na ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga yanzu in kuskuren ya zo, allon zai tsaya, sai ka ɗauki hotonsa da waya. In ka ga MEMORY_MANAGEMENT, fara duba ram. In WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ne, to shi kansa ƙarfen ne ya kai ƙara: firosesa, zafi, ko wutar da ke isa gare ta.

Na biyu, Windows na da kundin da take rubuta duk abin da ya same ta. Danna Windows da R, rubuta eventvwr, shiga Windows Logs, sai System, ka nemi lokacin da abin ya faru. Lambobi uku za ka riƙe. Lamba 1074 na nufin wata manhaja ce ko wani mutum ya ba da umarnin a sake tashi, galibi sabunta Windows ne, wannan ba cuta ba ce. Lamba 1001 mai sunan BugCheck na nufin an yi shuɗin allo. Lamba 41 mai sunan Kernel-Power kuwa cewa take yi na'urar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. A lura, 41 ba ta faɗin dalili. Amma in ka buɗe bayananta ka ga BugcheckCode sifili ne, kuma babu 1001 kusa da ita, to Windows ba ta ma samu damar yin kuka ba, katse ta aka yi. Wannan ya fi kama da matsalar wuta ko ƙarfe.

Na uku, gwajin da ya fi kowanne sauƙi: kunna ta ka shiga BIOS, yawanci da F2, F10 ko Delete, ka bar ta a nan kamar awa guda. A cikin BIOS babu Windows, babu bairos ɗin da ke aiki. In ta sake tashi a nan, magana ta ƙare, babu fomatin ɗin da zai yi mata magani. In ba ta yi ba, kar ka wanke ta tukuna, don a BIOS ba ta ɗauke da kaya mai nauyi. Sai ka ɗora Ubuntu a filashi ka tashe ta daga nan ba tare da ka girka ba, ka yi aiki da ita yini guda. In ta yi a Windows ta kuma yi a Ubuntu, jikinta ne.

Mataki na uku: wutar bango

A yankinmu nan ne na fi samun mai laifi, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Mu mutanen bakin tafki akan yi mana ba'a, wai ga mu ga madatsar Kainji, ai mu da matsalar wuta sai dai labari. Gaskiya ne tun 1968 aka kammala madatsar, kuma an kafa mata injina takwas masu ƙarfin megawat 760. Sai dai wutar da ta samar babban layin ƙasa take shiga, daga nan a rarrabo ta tasha-tasha, ta biyo dogayen wayoyi da taransifoma kafin ta iso soket ɗinka. Kusancin garinku da dam ba shi ke auna ƙarfin abin da ke zuwa ɗakinka ba. Tsawon layi, kaurin waya, da yawan gidajen da ke kan taransifoma ɗaya su ne ke aunawa. Ƙa'idar Nijeriya bolt 230 ce, amma duk wanda ke ƙarshen dogon layi ya san yadda ƙwan fitila ke yin ja da magariba in kowa ya kunna kayansa.

To me ya haɗa wannan da sake tashi? A cikin destof akwai akwatin da masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ke karɓar wutar bango ya mai da ita ƙananan wutar da madabod ke ci. A tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, akwai wata waya mai ruwan toka da aikinta ɗaya ne tak: ta shaida wa madabod cewa wuta lafiya lau. Da zarar fawa-fak ya ji ba zai iya riƙe wutar daidai ba, sai ya janye wannan shaida, madabod kuma ta tsayar da firosesa nan take. In wutar ta dawo daidai, shaida ta dawo, sai na'ura ta fara daga farko. Abin da kai kake gani a matsayin ristat ke nan.

Kuma ba sai wuta ta ɗauke na minti guda ba. Lafiyayyen fawa-fak an tsara shi ya riƙe na'ura na kimanin milisakan 16 kacal in wuta ta yanke. Wutarmu tana juyi 50 a daƙiƙa, wato kowane juyi milisakan 20 ne. Ka ga ke nan ko juyi ɗaya cikakke ba ya iya cikewa. Ƙiftawar da idonka ba zai ma kama a ƙwan fitila ba ta isa ta kayar da kwamfuta. In kuma fawa-fak ɗin ya tsufa, ko 16 ɗin ba ya kaiwa.

Ga misali. A wani shagon buga takardu da fotokwafi a Wara, lokacin cike-ciken JAMB da shago ke cika maƙil, destof ɗinsu kan tashi sau biyar sau shida a yini. An yi mata fomatin har sau biyu. Da na zauna na sa ido, sai na ga duk sanda yaron shago ya danna injin fotokwafi, fanka ta rage gudu, ƙaramin janaretan ya yi nishi, kwamfuta ta tafi. Injin fotokwafi da firinta mai hoda suna da wani ƙarfe da suke gasawa don hodar ta kama takarda, kuma lokacin gasawar sukan ja ɗaruruwan wat a tashi ɗaya, wani har ya doshi dubu. Ƙaramin janaretan nan da ake wa kirari da na-fi-maƙwabcina, duka-duka ƙarfinsa bai kai wat dubu ba. Ga shi kuma duk kayan a kan estenshan ɗaya suke. Da aka sa wa kwamfutar UPS, aka raba mata layi da injin, ba ta sake ba. Ko sukuru ɗaya ba a kwance a jikinta ba.

Ga yadda za ka gwada taka. Kai ta wani wuri mai tsayayyar wuta, kamar ɗakin gwaji na sashenku ko gidan da ke da inbata mai kyau, ka yi aiki da ita yini guda. In ta zauna lafiya a can, matsalar tana gidanka. Canza igiyar wutar, cire estenshan ka sa ta kai-tsaye a bango, ka duba ko bakin soket ya yi baƙi ko filogi na rawa a ciki. In kana da mita kuma an koya maka aiki da ita, auna soket da safe, ka sake aunawa da magariba, ka ga bambanci.

Abu biyu kan rikita mutane a nan. Na farko, sitabilaiza ba UPS ba ce. Sitabilaiza na ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage ta in ta yi yawa, amma ba ta da batir, in wuta ta ƙifta ita ma ta ƙifta. Na biyu, UPS mai mataccen batir ba ta da maraba da estenshan. Batirin cikinta, galibi mai bolt 12 da 7Ah, ba ya son zafi ko kaɗan, kuma a irin yanayinmu yakan mutu da wuri. Gwajinsa ba wuya: adana aikinka, kwamfuta na kunne, ka kashe soket ɗin bango. In ta mutu nan take, batir ya gama. Kuma kar ka kuskura ka haɗa firinta mai hoda a bayan ƙaramar UPS.

Akwai kuma wani saiti a BIOS, sunansa kan zama Restore on AC Power Loss ko After Power Loss. In yana kan Power On, duk sanda wuta ta ɗauke ta dawo, na'urar za ta kunna kanta. Mai da shi Off na ɗan lokaci. In ristat ɗin ya koma mutuwa ɗungum, ka gane wuta ce ke yankewa, ko daga bango ko daga fawa-fak.

Mataki na huɗu: shi kansa fawa-fak

In wutar bango ta fita daga zargi, sai a koma kan akwatin. Yawancin kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su iso Legas, su biyo Kano ko Sakkwato su zo hannunmu. Fawa-fak na tsufa kamar kowane abu. Alamarsa ita ce na'ura ta zauna lafiya in ana buga rubutu, amma da an buɗe aiki mai nauyi ta tafi, ba shuɗin allo ba komai. Wani lokaci kuma sai an danna sau biyu sau uku kafin ta kama da safe.

A fawa-fak na gama-gari launin waya na da ma'ana: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ƙasa. An yarda kowacce ta kauce da kashi 5 cikin ɗari. Wato rawaya ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25, ruwan lemo kuma wajen 3.14 zuwa 3.47. Sa mitarka a kan DC 20, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a rawaya, a ɗaya daga cikin kawunan da ba a amfani da su. Yi awon na'ura na kunne, sannan ka ba ta aiki mai nauyi kana kallon mita. In 12 ta gangaro ƙasa da 11.4, ka kama ɓarawonka. A kula, da yawa daga ƙananan destof na ofis irin na HP da Dell suna da nasu tsarin fawa-fak na daban, kai da launin wayarsu ba lallai su bi wannan ba, don haka karanta takardar da ke manne a jikin akwatin.

Sai dai mita na da iyaka. Faɗuwar da ke ɗaukar milisakan kaɗan ta fi ƙarfin idonta. Shi ya sa alƙalin ƙarshe shi ne musanya: aro lafiyayyen fawa-fak mai ƙarfi ɗaya ko fiye, ka sa, ka yi kwana biyu. In ta daina, an gama.

Gargaɗi biyu. Kar ka buɗe cikin fawa-fak. Akwai manyan kafasita a ciki da ke riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. Sannan wasu tsofaffi na da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230. Namu 230 ne. In ka mai da shi 115 ka sa a wutarmu, ƙara da hayaƙi za ka gani.

Mataki na biyar: zafi da ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika mana na'urori da ƙura, sai kuma bazara ta zo daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, ta iske hanyoyin iska a toshe. Shi ya sa shagunan gyara ke cika a watan Afrilu.

Firosesa na da ma'aunin zafi a cikinta. In ta doshi iyakarta, wadda a yawancin na Intel wajen digiri 100 ce, sai ta fara rage gudu don ta huce. In abin ya ci tura sai ta kashe kanta don kar ta ƙone. Saboda haka alamar zafi a jere take zuwa: fanka ta yi ta kururuwa, na'ura ta fara jan ƙafa, sannan ta tafi. Zafi ya fi kawo mutuwa ɗungum, amma yakan kawo shuɗin allo da sake tashi ma. Wata alamar ita ce, in ka sake kunna ta nan take ba ta daɗewa kamar na farko, in kuwa ka bar ta ta huce rabin awa sai ta ɗan ja lokaci.

Sauke HWMonitor ko Core Temp, kyauta ne. Na'urar da ke zaune ba aiki amma tana nuna 70 ko 80, akwai magana. In da ɗan aiki kaɗan ta haura 90, to ba sai an faɗa maka ba.

Magani: kashe ta, zare filogi, buɗe, ka hure ƙurar da bulowa a waje. Riƙe fankar da yatsa ko tsinke kar iska ta yi ta wulwula ta fiye da ƙima. Duba ko tana juyawa sumul. Sannan ka ɗaga ƙarfen shan zafin da ke kan firosesa. Tsakaninsu akwai wani mai mai ruwan toka da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce. In ya shekara da yawa yakan bushe ya zama kamar alli. Goge shi da sifirit da ƙyalle mai tsabta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure kusurwa da kusurwa. Don Allah ban da man goge baki, ban da girisin mota. Na ga duka biyun a cikin kwamfutocin mutane.

Kuma ba ƙura kaɗai ke toshe iska ba. A Yelwa an taɓa kawo mana wata destof daga wani ƙauyen Shanga, muna buɗewa sai ga gidan zanzaro na laka a manne a bakin fankar fawa-fak, ta kasa juyawa. Kyankyasai da 'yan tsaka ma na son ɗumin ciki, kuma in suka hau kan madabod suna iya haɗa wuta.

Mataki na shida: ram

Ram mai matsala ta fi zuwa da shuɗin allo mai canza suna yau daban gobe daban, da manhajoji masu rufe kansu. Sau da yawa ma ba lalacewa ta yi ba, zamanta ne ya kauce ko haƙoranta sun yi datti. Hanyoyinmu kuwa, kwamfutar da ta sha jijjiga a bayan mashin ko cikin kwalekwale ba abin mamaki ba ne ram ɗinta ta motsa. Ga kuma laimar damina a bakin ruwa da ke dusashe ƙarfe.

Zare wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tara wa jiki wutar nan da kan ɗan tsikare ka in ka taɓa ƙofar mota. Ita wannan ta isa ta kashe ram. Cire ta ka riƙe ta gefe da gefe, goge haƙoran zinaren da farar robar goge fensir a hankali, share ɓurɓushin, ka mayar har ka ji ƙas.

Daga nan sai gwaji. Windows na da nata, rubuta mdsched ka bi umarni. Wanda ya fi shi tsanani shi ne MemTest86, ana ɗora shi a filashi a tashi na'ura da shi. Bar shi ya yi zagaye huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ko ɗaya ne ya fito, akwai matsala. In sanda biyu gare ka, gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma a rami daban-daban, don wani lokaci ramin ne ya lalace. In kuma abin ya fara ne bayan ka ƙaro ram daga kasuwa, duba ko jinsinsu ɗaya. DDR3 bolt 1.5 take ci, DDR3L kuwa 1.35, ga shi bakinsu iri ɗaya ne, kuma akwai na'urorin da sai mai L ɗin suke karɓa.

Mataki na bakwai: madabod da ƙananan abubuwa

Haska tocila a kan madabod ka dubi kafasitocin nan masu kama da ƙananan gwangwanaye, musamman na kewayen firosesa. Lafiyayye kansa a shafe yake. Wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ya fitar da wani abu mai ruwan ƙasa, ya mutu. Kwamfutocin da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wannan a duniya baki ɗaya, amma zafi na tsufar da kowace kafasita. Mai gyara da ya iya ƙarfen soda zai iya canza su da kuɗi kaɗan.

Sai maɓallin ristat na gaban akwati. In ƙura ta cika shi ko ya maƙale, shi kaɗai zai riƙa danna kansa. Zare 'yar wayarsa daga madabod, akan rubuta RESET SW a kanta, ka gani. Duba ramukan USB, in ƙarafan ciki sun lanƙwashe suna taɓa juna suna iya kayar da na'ura. Duba ko wani sukuru ya faɗa ƙarƙashin madabod. Danna manyan kawunan wuta biyu, mai fil 24 da na kusa da firosesa mai 4 ko 8, ka tabbatar sun shige, kuma ba su yi baƙin ƙuna ba.

Faifan ajiya kuma, sauke CrystalDiskInfo. In ya nuna Caution da rawaya ko Bad da ja, kwashe kayanka yau, ka nemi wani.

Masu laftof

Mafi yawanmu a nan makaranta laftof gare mu, to ga naku. Fara da caja. Karanta jikinta, ka ninka bolt da amfiya: 19.5 sau 3.33 ya ba da wat 65, 19.5 sau 4.62 kuma wat 90. In na'urarka mai son 90 ce ka ba ta 65, ko ka sayo jabu mara nauyi, za ta iya ɗaukar buga rubutu amma ta gaza a babban aiki, balle in batirin ya riga ya mutu. In batirinka na fita, cire shi ka gwada da caja kaɗai, sannan ka gwada da batir kaɗai. Motsa kan cajar a hankali, in fitilar caji na ƙiftawa, ramin ya saki. In ka ga wurin linzamin yatsa ya taso ko ƙasan na'urar ya kumbura, batirin ne ya kumbura, daina cajinsa, kar ka huda shi, a cire shi. Sannan 'yan uwa, maza da mata, a daina ɗora laftof a kan katifa ko filo ana kallon fim. Ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti ne ko babban littafi, sa mata a ƙasa.

In duk an bi ba a gano ba

Sai a tuɓe ta. Bar madabod, firosesa da fankarta, ram sanda ɗaya, fawa-fak da allo. Cire komai da komai. In ta zauna lafiya a haka, riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa, wanda ka mayar ta tashi shi ne. In ko a tuɓen ma tana yi, kuma ka riga ka musanya ram da fawa-fak, saura madabod, don firosesa ba ta cika mutuwa ba.

Doka ɗaya ce ke riƙe da duk wannan aiki: canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka rubuta. In ka hure ƙura, ka goge ram, ka canza fawa-fak duk a zama ɗaya ta daina, ba ka san wanne ne ya yi maganin ba, wataƙila ma ka sayi abin da ba ka buƙata. Kuma a fara da na kyauta kafin na kuɗi: soket, igiya, ƙura, zaman ram, sannan a zo maganar saye.

Ko da ba kai za ka yi gyaran ba, wannan takardar taka za ta yi maka rana. Wanda ya shiga shago ya ce, "Malam, tana yi ko a BIOS, zafinta 60, ram ta wuce gwaji, ina zargin fawa-fak," ba a yi masa kuɗin fomatin. Masu karatun kwamfuta da lantarki kuma, ku riƙe wannan da kyau, don a garuruwa irin su Wara, Ngaski da Shanga masu shagunan buga takardu da makarantu kan ɗauki na'ura su yi doguwar tafiya neman mai gyara, a kan abin da ɗayanku zai gano da mita da tocila.

Masu furojet, kafin ku rufe wannan shafi ku je ku kwafi aikinku wuri biyu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.